Baba Albasa ya tafi, suwaitarsa na jikin Habu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo min waya daga Tarai, wai Baba Sale mafarauci ya rasu.

Mu da muka koyi farauta a wurinsa, Baba Albasa muke ce masa. Idan sanyi ya kankama, sai ya fito bayan asuba ya yi ɗam kamar buhun gyaɗa: singileti, riga mai dogon hannu, suwaita, ga wata tsohuwar kwat ta gwanjo a sama. Rana na ɗagawa sai ya dinga ɓare su ɗaya bayan ɗaya yana cusawa a jaka, mu kuwa mu yi ta dariya.

Yakan ce, "Ku yi dariyarku. Sanyi ba ya kayar da mutum sai ya same shi a jiƙe. Kafin gumi ya zo, cire ta sama. Ta jikin fata kuwa, kada ka yarda ta jiƙe."

Ranar da na fara binsa, da jaket ɗaya mai sheƙi na je ina taƙama. Da haƙorana suka fara haɗuwa, rigarsa kawai ya miƙo min.

Makon jiya suka fita neman zabin daji da ƙanena Habu. Habu ya zame ya faɗa wani rami mai ruwa a fadama, har wuya. Baba ya jefar da kwat da suwaita a bakin ramin, ya shiga ya jawo shi. Busassun kayan nan ya sa wa Habu. Shi kuwa ya tako har gida da jiƙaƙƙiyar singileti, cikin iskar nan.

Ya fi kowa sanin abin da hakan ke jawowa.

Shekaranjiya na je duba Baba, yana tari yana dafe haƙarƙari. Ya yi murmushi ya ce, "To, an ɓare Albasa yau. Ya jikin Habu? Ku bar masa suwaitar nan, ba sauri nake ba."

Wallahi tsoro nake ji. Habu na kwance a asibiti a Rano, limoniya suka ce, kuma irin tarin Baba yake yi sak. Numfashinsa da ƙyar yake fita. Duk farkawar da zai yi sai ya tambaye ni ko Baba ya warke, wai yana so ya mayar masa da kayansa da hannunsa.

Na karɓe wayarsa, don bai san Baba ya rasu ba. Don Allah duk wanda zai je dubiya, kada ya yi masa ta'aziyya tukuna.

Allah ya jiƙan Baba Sale, ya lulluɓe shi da rahama yadda ya lulluɓe ɗan'uwana. Ku taya ni roƙon Allah ya tashi kafaɗun Habu, kada sanyin nan ya raba mu da su duka biyu.