Kat-kat ɗin Alhaji Mamman da Mai Gadinsa

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Mamman ɗan Tawa ya shigo garajinmu na Arlit ransa a ɓace ba. Lokacin ni ne shef na sashen wutar mota, ba a daɗe da rufe ramin haƙar uranium na Akokan ba. Alhaji yana da kat-kat, motar shiga rairayi, da ke kai kaya Tchibarakaten wajen masu haƙar zinariya, ya sa mata alam, wato ƙararrawar da ke ihu in an taɓa mota.

Ya ce kwana biyar ke nan kullum da azahar sai ta yi ihu, kuma ba kowa a gidan sai mai gadi, Baba Agali, tsohon ma'aikacin ramin. "Malam Isufu, shi ke gwada ƙofa. Ka duba ka tabbatar mini, yau zan sallame shi."

Na ce, "Alhaji, ɓarawo ba ya zuwa da agogo. Ba ni yini ɗaya."

A ƙa'idarmu batir ake fara aunawa, don mai rauni yakan ta da alam. Lafiya lau yake. Na bi ƙofofi huɗu da wayoyinsu, ban ga komai ba. Sai na ce a mayar da motar gida, a ajiye ta inda ta saba kwana. Na tarar wurin ba rumfa, rana ce tsirara.

Na roƙi Alhaji ya zauna da ni a inuwar katanga, Baba Agali yana gefe yana dafa shayi. Azahar na yi motar ta ɓarke da ihu, mu uku muna kallo, ba wanda ya matsa.

Na ɗaga kapo, murfin inji. Akwai ɗan maɓalli da murfin ke dannewa. Robarsa ta ƙone, rairayi ya cika shi. In ƙarfe ya yi zafi ya ɗan motsa, sai alam ta ɗauka an buɗe. Na canza shi nan take.

Alhaji ya tashi ya je ya durƙusa gaban Baba Agali. "Baba, ka yafe mini, na zarge ka."

Tsohon ya miƙa masa kofin shayi. "Na sani, Alhaji. Sha."

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: kada ku karɓi zargin mai mota a matsayin ciwon mota. Ku auna, ku je inda abin ke faruwa. Wani lokaci mutuncin mutum ne ke ƙarƙashin kapo.