Jirgina a Ɗakin Goro

Har yau ba na karɓar goro daga hannun yayana, kuma ya san dalili.

Ina da wani ɗan jirgin sama mai rimot da na haɗa da hannuna. Fukafukansa na soso ne, amma injin, batir da ɗan allon da ke karɓar umarnin rimot, sai da na sha wahala kafin su iso Gwarzo. Yayana kuwa, wanda fataucin goro ne sana'arsa, bai taɓa kiransa jirgi ba. "Shirmen malam," haka yake cewa a gaban kowa.

Baba kaɗai ya ɗauki abin da muhimmanci. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da shi a gidanmu na Kutama. Ya shafa farfelar da yatsa ya ce, "In ruwa ya ɗauke, ka tayar min da shi in gani da idona."

A daminar nan aka mayar da ni koyarwa Kabo. Ɗakin da na samu yoyo yake yi, don haka na bar jirgin a gida. Na ce wa yayana, "Yaya, don Allah a ajiye shi inda zafi ba zai taɓa shi ba." Batirin nake ji wa tsoro.

Sai ya kai shi ɗakin goro. Ya naɗe shi a jiƙaƙƙiyar algarara, ya jera shi da huhunan goronsa, kullum in zai yi musu yayyafi har da shi. Ga marka, ga bango na tsatsafo da ruwa. Haka jirgina ya kwashe damina.

Da kaka ta yi na dawo, aka fito da Baba ƙofar gida aka jingina shi da bango. Na warware algarara, warin danshi ya buge ni. Allon ya yi kore shar, wani farin gari ya bi duk inda na ɗiga dalma. Wayoyin sun yi baƙi har cikin robarsu, ina taɓa ɗaya ta gutsure. Tsatsa ta kame injin. Na danna rimot, na sake dannawa, ko motsi.

Yayana ya leƙo ta kafaɗata. "Kai ka ce sanyi," in ji shi. "Ashe jirgin naka bai kai goro ƙarko ba." Ya yi dariya, ya ɓantari goronsa.

'Yan gida sun ce rashin sani ne. Ƙarya ne. Mutumin da ba ya yarda ɗigon ruwa ya taɓa rediyonsa ya san abin da laima ke yi wa waya. Na tsane shi a ranar, kuma ban ga abin da zai sa in fasa ba.

Baba ya ce, "Ba komai, sai ka gyara." Sababbin kayan gyaran da na aika a sayo ba su iso ba sai bayan an yi masa sutura.

Ran sadakar uku yayana ya bi layin masu zaman makoki yana raba goro. Da ya iso kaina ya miƙo min wani fari ƙato. Na bar hannunsa a miƙe har ya gaji ya wuce.