Na Ukun Da Na Kashe A Fim

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da wani dattijo ya tare ni a kasuwar Tsafe ba.

Lokacin ina harkar fim a Gusau. Shekarun baya an kama wani mutum da ke hayar masu kabu-kabu a hanyar Bungudu, in sun shiga daji ya kashe su, ya tafi da babur. Daraktanmu ya mayar da labarin fim, ni na fito a makashin. Aka sa mini baƙin tabarau, aka koya mini tafiyar ƙasaita. Fim ya karɓu, samari suna kwaikwayona, ni kuwa kaina ya kumbura.

Ran nan ina cinikin albasa sai dattijon ya yi mini sallama. "Malam, kai ne na fim ɗin nan?"

Na yi murmushi, ina jiran yabo.

"Daga Kucheri nake," in ji shi. "Na ukun da ka kashe, ɗana ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya ja ni inuwa, muka zauna.

"Kun nuna shi ya durƙusa yana kuka, yana sumbatar takalminka. Wa ya gaya muku haka ya yi?"

Na ce babu kowa, darakta ne ya ƙirƙira don a ji tausayi.

Ya jinjina kai. "Ya bar ɗiya ɗaya. In ta je makaranta, yara su durƙusa gabanta suna kwaikwayon kukan ubanta. Wata biyu ke nan ta ƙi fita."

Wata guda na yi ina nazarin makashin nan, ban taɓa tambayar ko su wa ya kashe ba.

Washegari na je Kucheri na nemi gafarar yarinyar da uwarta. Uwar ta ce ta yafe. Yarinyar ko kallona ba ta yi ba. Da na roƙi darakta, ya yarda ya yanke wurin durƙuson daga fim ɗin, amma ina amfani? Fim ya riga ya shiga wayoyin mutane.

Tun daga ranar na gane cewa mamacin da ba ka sani ba ma yana da masu kewarsa. Kafin ka ba da labarinsa, ka fara zama da su.