Jirgin da Sinach Ya Ƙi Gamawa

"Mai nawa fata za ta sha, tsoho? Kullum shafe-shafe, kamar amarya!"

Muryar Lassar ce ta keto bangon da ya raba ɗakina da nasu. Mijinta Sinach ya ce ɗinkin bai yi ba tukuna.

"Ɗinkin ne bai yi ba, ko kai ne ba ka yi ba?"

Na ajiye saƙata na kasa kunne.

Sinach baduku ne. A wannan gefe na tsibirin Ayalan, duk jirgin ruwa na fata da ya ɗauki sufayen Kirista zuwa ƙasar Farankawa a ƙetaren teku, da hannunsa ya ɗinka shi. Wanda ya shiga don yaɗa bishara ya yi rantsuwa ke nan, ba shi ba dawowa, ko gawarsa. Bana ɗansu Tuathal na cikin masu tafiya. Sanyi na matsowa, in teku ta haukace kuma sai baɗi, shugaban sufaye kuwa ya ce in ba a gama jirgin ba zai ba wani gurbin yaron.

Mutane suka ce ƙaunar ɗa ce ta riƙe basillar tsohon. Ni ban yarda ba. Na san Sinach tun yana saurayi. Shi ma an taɓa aske masa gaban kai daga kunne zuwa kunne, irin askin sufaye, ya je har bakin ruwa da gafakarsa, ya ga igiyar ruwa, ya juyo. Gashi ya toho, mutane suka manta. Shi bai manta ba. Ɗinka wa 'ya'yan wasu jirgi da sauƙi. Amma ɗan cikinsa ya taka inda ƙafarsa ta ƙi?

Da safe na ji Lassar ta sassauta murya. "Maigida, ba wanda ya tuna da juyowar nan taka sai kai."

Ran nan ya narka kitsen tumaki, ya kira ni na riƙe masa fata. Ya duƙufa kan ɗinkin har ya ja zaren ƙarshe.

Tuathal ya zo sallama, uwar na cusa masa man shanu da wainar hatsi. Ya yi ta kwance ƙunshin yana sake ɗaurewa. Uban ya gani, ya tare shi a bakin ƙofa.

"Tsoro ne, ko? Kada ka tsaya jiran ya tafi, ɗana. Shiga da abinka. Na yi jirgin da faɗi, zai ɗauke ku ku biyu."