Farin Zare a Hoton Sanusi

Ranar wata Laraba a kakar 1976, a gidanmu na Bande, muna zuba damman gero a rumbu. Ƙanena Sanusi yana saman tsani, ni ina riƙe da gindinsa. Don in ba shi tsoro kawai na girgiza tsanin. Ya zame, ya faɗo a kan turken akuyar Inna, turken ya same shi a tsakanin ƙafafu. Bai yi ihu ba, ya dai dunƙule yana numfashi sama-sama. Baba yana gona, Inna ta tafi rijiya. Na tsuguna na ce masa, "Rantse ba za ka faɗa ba." Ya rantse.

Da yamma aka ga jini a fitsarinsa. Da Inna ta tambaye ni, sai na ce na gan shi yana fitsari a gindin tsamiyar bayan gari da tsakar rana, inda kowa ya san ba a yi. Ba wanda ya ƙara tambaya. Aka shiga hayaƙi da rubutu da saiwoyi. Wurin ya kumbura, ya fashe, daga nan fitsari ya samu wata hanya ta ƙasa, yana ɗiga ba da saninsa ba. A lakwal, wato makarantar boko, yara suka daina zama kusa da shi, a wasan langa ba mai ɗaukarsa. Kullum Inna tana shanya wandonsa a dangar bayan ɗaki don kada baƙi su gani. Tabarma ɗaya muke kwana, ni ma har na riƙa matsawa gefe.

Sai da wata kakar ta zagayo Baba ya kai shi asibiti a Damagaram, na bi su. Aka ɗura masa wani ruwa ta gaba, aka yi masa radiyo, wato hoton cikin jiki. Lokotoro, likitan wurin, ya ɗaga baƙin hoton a jikin taga. Ya nuna wa Baba wani farin layi, ya ce hanyar fitsari ke nan, ga inda ta tsuke, ga kuma siririn zare da ya ɓalle daga wurin ya yi ƙasa.

"Malam, wannan rauni ne, kuma ya daɗe," in ji shi. "Yaro, ka taɓa faɗowa bisa wani abu?"

Sanusi ya dube ni.

"Ban tuna ba," ya ce.

An yi masa aiki sau biyu, ya samu sauƙi, amma bai koma lakwal ba. Ya yi noma, ya yi iyali, ya rasu bai taɓa ta da maganar ba. Yanzu ba rumbu a gidan, a buhu ake zuba hatsi, tsamiyar ma an sare. Hoton kuwa na gaje shi a akwatin Inna. Wani lokaci nakan ɗaga shi a hasken taga, zaren yana nan fari fat. Sanusi dai ya cika rantsuwarsa. Ni ne ban taɓa warware masa ita ba.