Ranar da Alhaji Maje Ya Saya wa Hambali Wuta

A unguwar Kwaciri, in ka ambaci Alhaji Maje, kafin a tuna maka atamfar da ya yi shekara da shekaru yana sayarwa, sai an fara ba ka labarin ranar da ya hau kujera gaban mitar gidansa yana zaginta. Ya sayi katin wuta ta waya, karo na farko da hannunsa, ya danna doguwar lambar nan, mita ta ƙi karɓa. Ya sake, ta ƙi. Ya goge tabarau, ya bi lambar ɗaya bayan ɗaya kamar mai biya wa yaro karatu, ta sake ƙi. Maƙwabta suna jin sa ta katanga yana kiran ta munafuka, yana cewa ita da banki uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Matarsa Afra ce ta karɓi wayar ta duba. Sannan ta ce, "Alhaji, sauko tukuna."

Ba mitar gida ya saya wa wuta ba. Mitar tsohon shagonsa ce na Kantin Kwari, wadda wayar ta adana lambarta tun lokacin da yaransa na shago suke biya masa. Shagon kuwa yana hannun Alhaji Hambali, babban dilan da ya karɓe shi a bakin bashi.

Maje ya buɗe shagon nan ne a shekarar da soja suka koma bariki, kuma tun a lokacin an san shi da faɗa. Ba mugu ba ne, wanda ya zaga da safe shi yake aika wa tsire da la'asar. Shi dai yana son ya ga fuskar wanda yake wa masifa. A da, biyan kuɗin wuta fita ce ta musamman a wurinsa. Sai ya saka babbar riga, ya je ofis, ya amayar wa mai karɓar kuɗi duk abin da ke cikinsa game da wutar da ba a kawowa, ya biya, ya dawo gida zuciya fes.

Da naira ta faɗi, ta faɗi da shi. Ya ɗauki kaya masu yawa bashi a wurin Hambali, mutanen da ya ba wa kayan su kai garuruwa kuma suka yi ɓatan dabo. Dattawan layi suka zauna kamar yadda aka saba, don kada magana ta kai kotu, suka raba abin da ya rage tsakanin masu bin bashi. Shago ya tafi, mota ta bi shi. Banki ya riƙe asusunsa, duk abin da ya shiga ciki ya shiga ke nan. Sunan Alhajin kaɗai aka bar masa, don an rasa mai saye. Ranar da ya miƙa mukulli ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka Kwari ba, kuma ya riƙe maganar. In hanya ta biyo ta bakin kasuwar, gara ya zagaya ko da rana tana dukan ƙeyarsa.

Firjin Afra ne ya riƙe gidan. Ƙanƙara take yi, da zoɓo, da kunun aya, don haka wuta a gidan nan ba ta kallon talabijin ba ce, ta tuwo ce. Tun da asusunsa ya zama rijiya, Maje sai ya riƙa ɗaukar kuɗin a hannu ya tafi can cikin Sabon Gari, inda ba zai haɗu da ɗan Kwari ba, wurin Philomena mai rumfar tura kuɗi. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta kuma ta fi tasa kaifi.

"Baba Alhaji, yau wa za mu zaga? Banki ko 'yan wuta?"

"Dukansu. Ke duba min wannan abin da yake ta juyawa a wayarki. Mutum ya ba da kuɗinsa, a bar shi yana kallon zobe yana wulwulawa. A da akwai wanda zan kalla in faɗa masa gaskiya."

"Ai ga ni kana kallo. Ni kuma ban taɓa ɗauke wa kowa wuta ba."

Haka suka yi ta yi har ya sayar da ɗan filin da ya gada, ya sallami banki, aka sakar masa asusu. Ranar ya je har rumfar ya shaida wa Philomena cewa daga yau ya daina tsayawa a layi, da hannunsa zai riƙa biya kamar kowane mutum mai mutunci. Ta ce Allah ya ba da sa'a, amma za ta yi kewar zagin.

Kuɗin cinikin Afra na mako guda cur ya zuba a katin nan da mita ta ƙi, ga shi ana tsakiyar bazara.

Ya kira kamfanin wuta. Wata murya mai daɗi ta ce ya danna ɗaya, ya danna, ta ce ya danna biyu. Ya faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa mace, ta gode masa da kiran. Ya koma wurin Philomena, ba ta ko yi dariya ba, abin da ya fi ba shi haushi.

"Baba Alhaji, ba ya dawowa. Mitar da aka saya wa, ita kaɗai za ta ci. Duk garin nan mutum ɗaya ne katin zai yi wa amfani."

A gida Afra ta ce ya tura wa Hambali lambar ta waya, shi kuma ya turo kuɗin, ba sai sun ga juna ba.

"In roƙe shi? Mutumin da yake zaune a kan kujerata?"

"To zo ka roƙi ƙanƙarar kada ta narke," in ji ta, tana matse tsumma a ƙasan firji.

Ya tsaya yana kallon ruwan yana bin siminti. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko babbar rigar da yake zuwa ofishin wuta da ita.

Ya shiga Kwari fuska a murtuke, yana jiran wanda zai fara dariya ya sauke masa kwandon masifa. Ba wanda ya yi. 'Yan dako suna ta "Alhaji, kwana da yawa," mai shayin layin har ya ɗaga masa kofi. Wannan ma ya ƙara tunzura shi, don ya zo da faɗa ya rasa inda zai ajiye.

Hambali yana ganin sa ya miƙe. "Alhaji Maje, lale, lale. Yau kai ne a..."

Maje ya yi sallama don ita ba a hana kowa, ya wuce shi, ya ɗaga dilar shadda da ta tare mita. Ai shi ya sa aka kafa ta a nan. Ya danna lambar, ta karɓa tashi ɗaya.

"Munafuka," ya ce mata.

Da Hambali ya gane abin da ya faru, ya danne dariyarsa da ƙyar, ya ciro waya. "Ba ni lambar ta gida, in saka maka ninki biyu."

"Ban zo sadaka ba."

"To daidai abin da ka saka."

"Ciniki da kai? Na ƙarshen da muka yi ka ga inda ya kai ni." Ya jawo benci ƙarƙashin fanka, ya tattara riga ya zauna. "Wutata ce a ciki. Zan zauna in sha iskata har ta ƙare."

Yana zaune yana huci, firji yana ransa, sai ga Hajiya Kubura, wata tsohuwar mai sayen kayansa da take haɗa wa mutane lefe. Ta tsaya a bakin shago tana salati.

"Alhaji Maje, ashe kana duniya? Tun da ka tafi nake sayen kaya a makance."

Ya ce shi ba ciniki ya zo ba, iska yake sha. Amma da ta ɗauki wata atamfa, ya kasa daurewa.

"Ajiye wannan, Hajiya, wanki ɗaya za ta zube. Hambali, sauko mata da ta saman can. Ba waccan ba, kai ma ka san wadda nake nufi."

Kafin a kira la'asar ta ɗaure kaya niƙi-niƙi. A Kwari kuwa wanda ciniki ya faɗa ta bakinsa yana da la'ada, ko mai shago yana so ko ba ya so. Hambali ya ce zai tura masa.

"Wannan ba sadaka ba ce," in ji Hambali.

"Na sani. Kuma ba ta cika ba."

Suka yi ta ja har aka cika. Kuɗin na shiga, Maje ya sayi wutar gida nan take, yana karanta lambar mitar da ƙarfi, rabin layin suna amsa masa, sannan ya tura wa Afra lambar katin. Afra ta kira ta ce firji ya tashi. Ya ce mata ai dole ya tashi.

Washegari ya dawo, wai saura iskarsa. Yau shekaru ke nan, bencin ya zama nasa, masu haɗa lefe shi suke nema, kuma har yanzu bai yafe wa Hambali ba, ko da yake kwano ɗaya suke ci da rana. Wutar gida da hannunsa yake saya, amma duk wata sai ya leƙa Sabon Gari ya zagi banki a rumfar Philomena, don waya ba ta da fuska.

Kwanaki mai shayi ya tsokane shi, ya ce, "Alhaji, wai har yanzu katin nan bai ƙare ba?"

Maje ya harare shi ta saman tabarau.

"Wa ya ce ya ƙare? Hambali ne ya yi ta zuba tasa a kan tawa har suka gauraya. Ya ware min tawa in tashi."