Ranar da Malam Lawan Ya Hana a Yaga Zanena

Safiyar Talata ce. Ina sauka daga Adaidaita a ƙofar kamfaninmu na tabarmar roba da ke Sharada, sai na tarar da Bitrus tsaye a bakin get, hularsa a hannu. Bitrus mutumin Filato ne, kuma a layi ɗaya suka yi aikin injin saƙa da Malam Lawan tun suna samari. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Nasiru, Sakatare ya tafi. Ɗazu, bayan sallar asuba, a gidansa na Panshekara." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san hawan jini ya matsa masa tun bara, amma ranar Asabar ma yana cikinmu, yana yi wa wani sabon ma'aikaci faɗa saboda ya zo gaban inji da riga mai faɗin hannu.

Sakatare muke kiransa domin shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikata na reshenmu. Dogo ne, siriri, mai magana a hankali. A keke yake zuwa aiki, kuma bai taɓa wuce mai gadi bai tsaya sun gaisa ba. Idan aka ba wani takardar gargaɗi da Turanci, wajen Malam Lawan ake kai ta, ya karanta, ya fassara, sannan ya faɗa wa mutum gaskiya ko da ba za ta yi masa daɗi ba. Shi ne ya kafa allon katako a bangon ɗakin cin abinci, inda kowane ma'aikaci ke da damar liƙa ra'ayinsa, da sharaɗi ɗaya: ya sa sunansa a ƙasa. Yakan ce, "Maganar da ba za ka iya sa mata suna ba, ajiye ta a aljihunka."

Ni aikina fitar da zanen furanni da layukan da ake saƙawa a jikin tabarma. Wata rana ya kama ni ina zana fuskar manaja a bayan takardar aiki, da tumbinsa da komai. Na ɗauka kashina ya bushe. Sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce daga yau kowace Litinin allon ƙungiya na jiran zanena. Haka na zama mai zanen barkwanci na kamfani, kuma na yi suna, har kaina ya fara girma.

A shekarun da rikicin Arewa maso Gabas ya kora mutane zuwa Kano, kamfaninmu ya ɗebi 'yan gudun hijira da yawa ta hannun wani ɗan kwangila. Aiki iri ɗaya muke yi da su, amma ba su da katin ma'aikaci, ba a duba su a asibitin kamfani, kuma an hana su shiga ƙungiya. Wasu cikinmu suka fara ƙunƙuni, wai baƙi sun zo su karya mana daraja. Ni kuwa haushin hukumar kamfani nake ji. A lokacin ana ta muhawara a rediyo kan zane-zanen wata jarida a Turai da suka taɓa 'yan gudun hijira, wasu na cewa izgili ne, wasu na cewa tona asirin azzalumai ne. Na ce ni ma zan gwada nawa.

Na zana kwale-kwale maƙil da mutane a tsakiyar kogi, na yi musu kawunan kifi. A bakin gaɓa na tsayar da manaja riƙe da ragar kamun kifi, yana murmushi, yana cewa, "Ku iso, aiki na jiranku." A gefe kuma na zana wani ɗan ƙaramin kifi da ya zame daga kwale-kwalen ya faɗa ruwa. Na sa sunana, na liƙa, na koma bakin aiki ina jiran yabo.

Kafin azahar ɗakin cin abinci ya cika da hayaniya. Wasu na dariyar da ban so ba, suna nuna baƙin da yatsa suna cewa ga kifaye nan. Samarin 'yan gudun hijirar kuma suka yo kan allon za su yaga takardar, suna neman wanda ya yi ta. Na isa na tarar da Malam Lawan ya jingina bayansa da allon, ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Ba wanda zai yaga ta, kuma ba wanda zai taɓa mai ita. Ga sunansa a ƙasa, ga shi nan tsaye. Gobe in an tashi aikin safe, kowa ya zo nan, zai yi muku bayani da bakinsa."

Da muka keɓe na ce, "Malam, ai kun san manaja na nufa. Ba su gane ba ne kawai."

Ya dube ni ya ce, "Na san abin da ka nufa. Amma alƙalami kamar injinmu yake, kafin ka kunna sai ka leƙa ka ga ko hannun wani na ciki. Ka leƙa?"

Ban leƙa ba. Ban taɓa zama da ko mutum ɗaya cikin 'yan gudun hijirar ba.

Da yammacin ranar manaja ya aiko da takarda: an dakatar da ni, kuma za a cire allon gaba ɗaya, wai yana tayar da fitina yana cin mutuncin bayin Allah masu neman mafaka. Kowa ya san allon ya daɗe yana tsone masa ido.

Washegari aka taru, ɗakin ya cika har waje. An yi musu sosai. Bitrus ya ce idan aka cire allon yau saboda zane, gobe ba inda za mu faɗi cewa inji ya cire wa wani yatsa. Wani dattijo ya ce 'yancin magana ba lasisin wulaƙanta mutane ba ne. Malam Lawan bai katse kowa ba. Da aka lafa, sai ya juya wajen wata mata da ke zaune a baya, mai aikin naɗe tabarmi, ya ce, "Ya Falmata, ku aka zana. Ku ya kamata mu ji."

Ta miƙe. Hausarta da karin Barebari, muryarta ba ta rawa. Ta ce ranar da suka gudu daga garinsu, a kwale-kwale suka tsallaka kogi, kuma a tsakiyar ruwa 'yarta mai shekara huɗu ta kuɓuce daga hannunta. Ta nuna zanen ta ce, "Wannan ƙaramin da ka jefa a ruwa, sunanta Yagana. Ba kifi ba ce." Duk bayanin da na shirya ya gudu daga kaina. Na durƙusa a gabanta na ce, "Ya Falmata, ku yafe mini." Na miƙa hannu zan cire takardar da kaina.

Ta ce, "Bar ta tukuna. Wancan mai ragar, shi ka zana shi daidai."

Nan Malam Lawan ya karanta wa jama'a takardar manaja, ya fassara ta kalma bayan kalma, ya ce, "An ce domin kare mutuncinku za a cire allon. To, ku za ku faɗa ko haka kuke so." Ya Falmata ta gyara mayafinta ta ce wanda ya hana su asibiti ba shi zai share musu hawaye ba. Ta wuce gaba, mutanenta suka bi ta, mu ma muka bi su, har ƙofar ofis. Ina ji da kunnena ta ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, yaron nan ya ɓata mana, mun yi magana da shi, ya ba mu haƙuri, mun gama. Allon a bar shi, mu ma muna da abin da za mu liƙa."

Allon bai tafi ko'ina ba. An mayar da ni aiki a satin. Litinin ta gaba, abin da aka liƙa shi ne jerin sunayen 'yan gudun hijirar da ke neman shiga ƙungiya, kowa da sa hannunsa ko dangwalensa, a gefe kuma sabon zanen da na yi ina zaune a gaban Ya Falmata tana gyara mini. Malam Lawan ya ɗauki takardun nan ya yi ta zirga-zirga a kekensa, daga ofishin manaja zuwa hedikwatar ƙungiya, wata da watanni, bai gaji ba, bai kuma ɗaga murya ba. A ƙarshe an ba su katin ma'aikaci, an buɗe musu ƙofar asibiti. Ranar da aka raba katunan mata suka yi ta guɗa har ta danne ƙarar injina. Ma'aikata daga kamfanonin Challawa da Bompai suka riƙa zuwa tambayarsa yadda aka yi. Shi kuwa cewa yake, "Ba abin da na yi. Na hana a yaga takarda ne, na sa mutane sun saurari juna."

A wajen jana'izarsa layuka sun cika titin unguwar har sun karya kwana. Samarin nan da suka taɓa neman yaga zanena su suka yi ta rige-rigen ɗaukar makara. Bitrus da abokan aikinmu Kirista sun tsaya a gefe har aka idar da salla, sannan suka raka mu maƙabarta a ƙafa.

Ya Allah, ga bawanka Lawan ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Kamar yadda ya tsaya wa waɗanda aka raba da gidajensu, Ka ba shi gida a Aljannar Firdausi. Ka ba maiɗakinsa Hajiya Binta haƙurin wannan rashi, Ka raya 'ya'yansa bisa tarbiyyarsa, Ka zama gatansu. Waɗanda ke gudun hijira a ko'ina, Ka mayar da su garuruwansu cikin aminci. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.